Robar da Aka Sa wa Gwaggo Kalsum

Ranar Litinin da hantsi robar ta fita. Hassana tana juya Gwaggo Kalsum don ta shafa mata mai a baya, hannun tsohuwar mai lafiya ya kai fuska ya finciko filastar, sai ga roba kwance a kan filo da guntun kunu a bakinta. Ta wannan robar Gwaggo take ci take sha tun da ɓarin jikinta ya shanye wata biyu da suka wuce, domin maƙogwaronta ya daina haɗiya. A asibitin gwamnati aka zura mata ita ta hanci har ciki, kuma ranar sallama likita ya faɗa da baki, ya rubuta a kati: in ta fita ko ta toshe a dawo da ita, kada a ba ta komai ta baki.

Hassana ta ɗauki katin ta nufi falon Alhaji Mu'azu. Shi ne wan mahaifinta, shi ya riƙe ta a gidansa na Agege tun rasuwar uban, kuma ƙanin Gwaggo ne ciki ɗaya. Ta tarar da shi cikin 'yan jam'iyya, ana ta lissafin wakilai, domin saura mako biyu a tsayar da ɗan takarar kansila, shi kuwa ya sa rai. Ta durƙusa a bakin ƙofa har suka watse, sannan ta faɗa masa.

Ko katin bai karɓa ba. Ya ce, "To ba ke nas ba ce? Ki mayar mata."

Hassana ba cikakkiyar nas ba ce, kuma ba ta taɓa cewa ita ce ba. Shekara biyu ke nan tana aiki a wani ƙaramin asibiti a Iyana Ipaja, cikin masu taimaka wa nas-nas, waɗanda Legas take kira ogzilari. Ta iya awon hawan jini, ta iya wanke ciwo da gyara majinyaci, ta iya ba da abinci ta robar da wani ya riga ya sa. Zura robar kuwa, shugabarsu Sista Ajoke ta gaya musu tun makon farko cewa duk wadda ta taɓa, ta ajiye farar rigarta ta kama gabanta. Hanya biyu ce a maƙogwaro, ɗaya ta ciki, ɗaya ta huhu, suna manne da juna. Mai lafiya in ka ɓata hanya zai yi tari ya ture ka. Mai shanyewar jiki yana iya kwanciya shiru kana zuba masa kunu a huhu.

Duk wannan ta yi wa Baffanta bayani, kanta a ƙasa. Ya saurare ta yana danna sabuwar wayarsa ta hannu. Da ta gama ya ce shi bai ga abin wahala ba, roba ta hanci ta fito, ta hanci za ta koma. Ya ce shekara biyu tana fita da farar riga mutanen layi suna gaishe ta, ashe ranar da gida ya buƙace ta ba ta da amfani. Motar gida kuwa ta tafi Isolo ɗauko fastocin takararsa, sai gobe.

Ta ce ko tasi ce a ɗauka. Nan ya ɗago.

"Ina raye ba za a fitar da yayata a motar haya kamar buhun albasa ba."

Ta roƙe shi ya buga wa asibitinsu waya Sista Ajoke ta zo gida ta sa. Ya ce ba ya son bare cikin sha'anin gidansa.

A kicin matarsa Hajiya Sa'adiya ta ƙara mata nata. Ta ce wata guda cur ta yi tana jigilar abinci asibiti cikin gosulo, cunkoson motocin Legas, har ƙafafunta suka kumbura, ba wanda ya ce mata sannu, yanzu kuma a sake sabon lale. Ta ce a bari Alhaji ya samu kansa. Abin da ba ta faɗa ba, Hassana ta san shi. Juma'ar da ta wuce Alhaji ya miƙe a masallaci ya sanar cewa Allah ya ba yayarsa lafiya, ya yanka rago aka raba, jama'a suka yi ta yabon yadda ya tsaya mata. Mutumin da ya yi wannan ba zai so layi ya ga an ɗauko tsohuwar a zanin gado ana cusa ta mota ba, ba a wannan makon ba.

Talata mota ta dawo daga Isolo ta wuce Mile 2. Gwaggo ta kwana ta wuni ba ci ba sha, maganin hawan jininta ma da ake niƙawa a zuba ta robar yana nan a kan taga. Leɓɓanta suka tsage. Magana ta ƙwace mata tun farkon ciwon, kalma uku ko huɗu suka rage, a cikinsu akwai ruwa. Ita take ta maimaitawa, idonta yana bin butar alwala duk inda aka kai ta. Hassana ta jiƙa auduga tana goga mata a baki, tsohuwar tana neman cafke audugar da dasashi.

Hajiya ta shigo ta ga haka ta ce wannan ai mugunta ce, mutum yana roƙon ruwa ana masa wasa da auduga. Ta ɗebo koko a kofi ta ɗura mata cokali biyu kafin Hassana ta riƙe hannunta. Gwaggo ta ƙware, idanunta suka firfito, kokon ya dawo ta hanci. Hajiya ta goge hannu a zani ta ce ko ba komai wani abu ya shiga.

Hassana ta koma wajen Baffa bayan azahar, ta koma bayan la'asar. Na farko ya ce ta ga yana da baƙi. Na biyu ya ce ya riga ya yi magana da Dokta, gobe zai zo.

Dokta shi ne Sunusi mai kemis na bakin layi. Ba wanda ya san makarantar da ya yi. Abin da aka sani, ya yi shekaru yana tsaron shagon magani na wani mutum, ya koyi allura a jikin mutanen da ba su da zaɓi, sannan ya buɗe nasa, ya rataya abin sauraron ƙirji a wuya. Hausarsa da Yarbancinsa da Turancin kasuwa duk zaƙi gare su, ba ya taɓa cewa bai iya ba. Wannan ne ya sa ake son sa.

Ya zo Laraba bayan la'asar yana ƙamshin turare. Ya tambayi ina robar, aka nuna masa tsohuwar a leda. Ya ɗauraye ta da ruwan buta, ya shafa mata basilin. Hassana ta ce ba a mayar da wadda ta fita, kuma ba a sa wa mai irin wannan ciwon a gida sai wanda aka horar ya san yadda zai gwada. Sunusi ya yi murmushi ya dubi Alhaji, wanda yake tsaye ya cika ƙofar ɗakin. Ya ce, "Oga, ka ga matsalar ƙananan ma'aikata ke nan. Komai tsoro."

Alhaji ya ce, "Riƙe mata kai."

Ta riƙe. Wannan shi ne abin da ba za ta taɓa yafe wa kanta ba. Shekara goma sha ɗaya tana cin tuwon mutumin nan, ba ta taɓa ce masa a'a ido da ido ba sai shekaranjiya, kuma ƙarfin da ta yi a'ar nan da shi ya ƙare. Ta tallafi kan Gwaggo a ƙirjinta, Sunusi ya tura robar ba tare da ya auna tsawonta ba. Hawaye ya gangaro wa tsohuwar ta ido ɗaya. Ta yi wani ɗan tari mara ƙarfi, fuskarta ta yi duhu, yatsunta suka nutse a tsintsiyar hannun Hassana.

Hassana ta ce a dakata a zuƙo ruwan ciki da sirinji, a ɗiga a shuɗiyar takardar gwaji a ga ko za ta koma ja, haka Sista take yi kafin a zuba ko ɗigon ruwa. Sunusi ya ce wannan duk na littafi ne. Ya hura iska a robar, ya ɗora abin sauraronsa a kan rigar Gwaggo na ƙiftawar ido, ya ce ta shiga daidai. Ya zuba kunu rabin kofi da hannunsa. Hajiya ta ce alhamdu lillahi, ashe abin ma bai kai minti biyar ba. Alhaji ya raka Dokta har ƙofar gida, da ya dawo ya tsaya a tsakar gida ya faɗa da ƙarfi don kowa ya ji, cewa duk wanda ya taɓa aikin nan ya bar masa gida.

Kafin magariba numfashin Gwaggo ya canza. Wani ƙara yake fita daga ƙirjinta, ƙasa-ƙasa, kamar tukunya ta fara tafasa.

Alhamis da safe jikinta ya yi zafi rau, tana numfashi sama-sama, haƙarƙarinta yana shiga yana fita. Ta daina cewa ruwa. Hassana ta buɗe bakin robar ta kara a kunne, ta ji iska tana fita tana komawa daidai da numfashin. Ta ɗebo ruwa a kofi ta tsoma bakin robar, duk fitar numfashi sai kumfa ta taso. Ta kira Hajiya ta nuna mata.

Hajiya ta leƙa ta ce iskar ciki ce, mutumin da ya kwana biyu bai ci ba dole cikinsa ya tara iska. Ta ce zazzaɓin kuwa na sauro ne, wa ya kwana a Agege sauro bai cije shi ba. Sannan ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, "Ke dai an ba ki kin ƙi, wani ya yi, kina neman aibunsa. Ba kyau, Hassana."

Alhaji ya fita tun asuba wajen taron jam'iyya. Hassana ta tsaya a kan Gwaggo, yatsunta a kan filastar. Zare roba ba wuya, ja ɗaya ne, kuma wannan an koya mata. Amma maganar Baffa ta jiya tana kunnenta, kuma ta san in ta zare da hannunta za a kira Sunusi ya mayar kafin azahar. Sai ta ƙulle bakin robar, ta ɓoye sirinjin a jakarta, ta roƙi Hajiya don Allah don Annabi kada a zuba komai har ta dawo. Hajiya ta ce ta ji.

Hassana ta hau danfo, bas ɗin haya, zuwa Iyana Ipaja. Ta tarar Sista Ajoke tana ɗakin haihuwa da wata mata mai naƙuda mai wuya, likita kuma bai shigo ba. Hassana ta tsaya a baranda tana kallon agogo har aka yi azahar. Da Sista ta fito ta ji bayani, ko takalmin aiki ba ta canza ba, ta ɗauki jakarta suka tari okada biyu, baburan haya.

Tun daga ƙofar ɗaki Hassana ta ga sabon sirinji a kan taga da kofin silba wanda ba komai a cikinsa. Hajiya ta riga ta da magana. Ta ce ita ba za ta zauna ta ga ana kashe yayar mijinta da yunwa ba, ta aika wa Dokta ya kawo wani sirinjin, ya kwance ƙullin, ya zuba mata kunu da madara kofi guda, ya kuma yi mata allurar zazzaɓi. Ta ce ga shi nan ma ta samu barci.

Ba barci ba ne. Bakin Gwaggo a buɗe yake, leɓɓanta sun yi shuɗi, wani farin ruwa yana tsattsafowa ta gefen baki.

Sista Ajoke ba ta gaisa da kowa ba. Ta saurari ƙirjin dama da hagu, ta ɓare filastar ta zare robar, ta kwantar da tsohuwar a gefe. Sannan ta juya ta tambayi Hajiya da Yarbanci, wanda Hajiya take ji kamar Hausa tunda a Agege aka haife ta, wane ne ya yi wannan aikin. Ta ce kunun nan duk a huhu yake, a fita da ita yanzu, ko minti goma kada a ƙara.

Hajiya ta ce ita ba ta da ikon fitar da kowa sai da izinin maigida, mota kuma tana wajensa. Ta ce a jira, ba zai wuce magariba ba.

Hassana ba ta tsaya ji ba. Ta fita titi ba mayafi ta tare tasi. Ita da Sista da direban suka ɗauko Gwaggo a zanin gado, mutanen layi suna tsaye suna kallo. Ta zauna a baya, kan tsohuwar a cinyarta, tana yi mata kalmar shahada a kunne. Sun kai wajen Pen Cinema suka tarar da gosulo, direba yana ta hon, masu tallar biredi suna leƙo kai ta taga. A nan ƙarar ƙirjin ta tsaya. Sista ta taɓa wuyanta, ta daɗe, sannan ta ce wa direba ya daina hon.

Da suka dawo da gawar, Alhaji yana gida. Bai tambayi yadda yayarsa ta cika ba. Ya dubi Hassana ya ce, "Wa ya ba ki izini?"

Kafin a kai Gwaggo makwancinta ranar Juma'a da safe, labarin ya riga ya samu siffarsa, kuma ba a ɗaki aka zauna aka tsara shi ba, kowa dai ya san abin da zai ce. Tsohuwa tana samun sauƙi, Dokta ya sa mata roba har ta fara cin abinci, sai yarinyar nan ta je ta kwaso wata mata daga waje ta fizge robar, suka jefa mara lafiya a tasi, ta cika a hanya. Alhaji in an yi masa gaisuwa sai ya ce ajali ne, shi bai riƙe kowa ba, yarinta ce. Masu gaisuwa suna jinjina haƙurinsa. Sunusi yana zaune a kan darduma ta gaba kusa da shi, da carbi, ana ce masa sannu da ƙoƙari Dokta.

A cikin gida Hassana tana raba wa mata ruwa, tana jin ana yin shiru in ta iso. Ta haɗiye. Ta yi niyyar ta haɗiye har a tashi, don darajar gawar. Sai wata mata mai suna Safi, 'yar Nijar da mijinta Sanda yake gadi a wata ma'aikata kafin ciwo ya kayar da shi, ta matso kusa da Hajiya. Ta ce ita ma nata mai gidan irin ciwon ne, da roba a hanci, lokacin canjawa ya yi, tana ta tunanin yadda za ta kai shi asibiti ita kaɗai. Hajiya ta dafa ta ta ce ta huta da wahala, ga Dokta nan a bakin layi, minti biyar ya gama, hannunsa da sauƙi.

Hassana ta ajiye tiren ruwan a ƙasa. Ba ta ɗaga murya ba, amma tsakar gidan duk an ji.

"Kada ki bari ya taɓa shi. A huhu ya sa wa Gwaggo, ni na riƙe masa kanta, na ga kumfa a kofi na nuna wa Hajiya. Kwana biyu tana roƙon ruwa mota tana yawon fasta. Likita ya rubuta a mayar da ita, katin yana jakata, duk mai karatu ta zo ta duba. Ni an ce in sa na ƙi, don ba aikina ba ne, ban iya ba. Shi ma bai iya ba, bambancinmu shi bai faɗa ba. Ba tasi ce ta kashe ta ba. A gidan nan aka kashe ta, da kunu."

Wata tsohuwa ta ce a yi salati. Hajiya ta fashe da kuka tana cewa baƙin ciki ne ya taɓa yarinyar, a yi mata uzuri, Gwaggo ce ta yi renonta. Mata suka taru a kan Hajiya suna ba ta baki. Katin kuwa ba wadda ta nemi gani.

Asabar Alhaji ya kira ta falo. Ya ce ya ci da ita ya sha da ita, ya sa ta makaranta, sakayyar ke nan, ta tona masa asiri a gaban matan unguwa saura kwana tara zaɓe. Ya ce in ta fita ta ce maganar da ta yi ruɗewa ce, zai manta. Hassana tana durƙushe kamar kullum, amma wannan karon ta dube shi.

"Baffa, na yi maka biyayya sau ɗaya a kan Gwaggo. Ya isa."

Ya ba ta zuwa gobe ta bar masa gida.

Lahadi da hantsi, ranar addu'ar uku, Hassana ta fito da jaka ɗaya. Sista Ajoke ta riga ta ce mata akwai gado a ɗakin ma'aikata kafin ta samu wuri. An rufe layin da rumfuna da kujerun haya, manyan jam'iyya sun cika gaba, an ɗaura lasifika a jikin falwaya. Ta bi ta gefen kwata don kada ta ratsa taron. A bakin titi inda ake jiran danfo ta ji an ja mata gefen hijabi. Safi ce, tana waige-waige kamar mai tsoron a gan ta. Ta tambaya a hankali wace ƙofa ake shiga a asibitin, da wa za ta nema, tunda ita Turanci ba ta ji. Hassana ta faɗa mata, sannan ta ce ta shirya mijin nata gobe da sassafe, za ta zo su tafi tare.

Safi ta juya da sauri. Danfon bai cika ba, Hassana ta zauna a kusa da taga, jakarta a cinya. Daga nan ana jin lasifikar tar. Malamin da aka gayyato ya gama addu'a ya shiga nasiha. Ya ce zamani ya lalace, 'yan uwa suna yasar da 'yan uwa a asibitoci, amma ga wani bawan Allah da ya ɗauko yayarsa ya ajiye a gidansa, ya kawo mata likita har ɗaki, ya yi jinyarta da hannun iyalinsa har Allah ya karɓi abarsa. Ya ce matasa su yi koyi da Alhaji Mu'azu, ya roƙi Allah ya ba kowa a wurin nan ɗan uwa irinsa.

Layin gaba ɗaya ya ce amin.